Wai Kandida Ce Ta Cinye Hanjin Dogo-Dogo

Akwai wata sabuwar sana'a da ta kafa tebur a ƙasar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas, kuma jarinta bai wuce abu uku ba: baki mai zaƙi, kwalabe masu sheƙi, da kumburin cikin bayin Allah. Mai maganin da aka saba da shi, wanda ke ɗaura lasifika a kan tsohuwar mota ranar kasuwa yana kirarin garin basir da na sanyi, yana nan bai gusa ba, amma yanzu ya samu ƙane ɗan boko. Shi wannan ƙanen ba ya ihu. Kwat yake sawa, yana rataye da jakar kwamfuta, yana tsarma Faransanci cikin Hausarsa, kuma ba ya ɓata lokacinsa wurin talakan da ya kawo tiya biyu ta wake. Ya san inda kuɗi suke kwana: wurin mushen lakwal ranar da albashi ya faɗo, wurin ma'aikacin komin, wurin ɗan duwan da jandarman bakin iyaka, da wurin Alhajin da ya sayar da shanu a Maigatari ranar Alhamis ya komo da aljihu cike da naira.

Hudubarsa guda ce ga kowa. Cikinka na kumburi bayan cin abinci? Yana murɗawa? Yau zawo, gobe bayan gida ya ɗaure? Kana jin kasala, kana yawan mantuwa, iyali sun fara ƙorafi? To, wai wata ƙwayar funfuna ce mai suna kandida ta yi sheƙa a hanjinka, tana shan sukarin jikinka, tana zuba dafi cikin jininka. Don a tabbatar, sai ya miƙa wa mutum wani ɗan ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, kafin a tafasa shayi kwamfuta ta amayo shafi bayan shafi da jan layi da kore: hanta ta gaji, ƙoda ta gaji, hanji ya cika da datti. Daga nan sai a buɗe jaka. Kwalbar wankin ciki, kwalbar kashe kandida, kafson ƙwayoyin halitta masu rai, garin da ake kaɗawa a ruwa da asuba. Wata uku ake sha, ba fashi. Idan majinyaci ya ce ai wannan magani ya yi tsada, sai a gyara masa zance cikin murmushi: ba magani ba ne, Malam, ƙarin abinci ne.

A kan wannan kalma ta "ƙarin abinci" aka gina damfarar gaba ɗaya, za a kuma komo kanta. Shi kuwa ƙarfen da ake riƙewa, maganarsa gajera ce. Babu wata hanya a ilimin likita da za a karanta lafiyar hanji ko ta hanta daga zufar tafin hannu. Wanda ke tantama ya gwada: ya zauna gaban na'urar sau biyu a wuni ɗaya, ya ba da suna daban da shekaru daban, sa'an nan ya gwama takardun biyu.

CIWON GASKIYA NE

Kada wani ya ɗauka ana yi wa masu fama da ciki ba'a. Ciwonsu na gaske ne, yana hana aiki, yana hana tafiyar fatauci, yana sa dattijo ya riƙa lissafin nisan ban ɗaki kafin ya shiga sahun masallaci. Ma'aikatan da suka yi lakwal sun san shi da sunan da likitoci ke kiransa a Faransanci, kolopati. Bisa ƙa'idar da masana ciwon ciki suka sabunta a 2016, wadda ake kira ƙa'idar Roma ta huɗu, ana zaton wannan cuta ce idan mutum yana ciwon ciki aƙalla rana ɗaya kowane mako cikin wata ukun da suka wuce, ciwon yana tare da aƙalla biyu daga cikin alamomi uku, wato nasaba da fita bayan gida, canjin yawansa da canjin kamanninsa, kuma abin ya faro tun wata shida baya. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 33, aka buga a 2021, ya samu kimanin mutum 4 cikin 100 da wannan tsattsauran ma'auni, kimanin 10 cikin 100 da tsohon ma'aunin da ya fi sassauci.

Abin da aka fahimta game da ita shi ne, hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo dare da rana, kuma a wurin mai kolopati wannan saƙo ne ya rikice. Iskar da wani zai ɗauka a cikinsa bai ma sani ba, shi sai ya ji ta kamar ana hura masa salka. Hanjin kan yi gaggawa ko ya yi nawa. Damuwa tana tayar da ita, rashin barci ma haka, wasu abinci ma haka. Cutar ba ta kisa, ba ta rikiɗa ta zama ciwon daji, amma tana tafiya tana komowa shekara da shekaru, kamar baƙon da ya san hanyar gida. Akwai kuma wani abu da ya shafi wannan yanki kai tsaye: kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka yi zawo mai tsanani na ƙwayoyin cuta sukan wayi gari da kolopati bayan zawon ya wuce. A ƙasar da ake shan ruwan rijiya marar murfi, ƙasar da kwalara ta 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 kuma jihar Damagaram na cikin inda ta taɓa, ba a buƙatar ƙirƙiro wata funfuna kafin a gane dalilin da ya sa hanjin mutane ke rikici.

Wannan ɗabi'a ta tafiya da komowa ita ce gonar ɗan kasuwar kwalabe. Mutum ba ya sayen kwalba sai ranar da ciwo ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sauƙi ne ke biyowa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Ƙari a kan haka, a gwaje-gwajen da aka yi wa masu kolopati, kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka ba ƙwayar banza, wadda ba ta ƙunshi magani ko kaɗan ba, sun ce sun ji dama. Saboda haka idan mushe ya rantse cewa kwalbar ta yi masa aiki, ba ƙarya yake yi ba. Sauƙin ya ji shi. Wanda ya kawo sauƙin ne ake jayayya a kansa. Idan kuma ciwon ya ƙaru bayan an fara sha, amsa na nan a shirye: wai funfunar ce ke mutuwa tana zubar da dafinta, a daure a ƙaro kwalba. Kasuwar da sauƙi riba ne, tsanani ma riba ne, ko ƴan caca ba su taɓa samun irinta ba.

TATSUNIYAR DA AKA YI WA JANA'IZA A 1990

Kandida dai akwai ta. Wani nau'in yis ne, dangin wanda ake sa wa ƙullin burodi, kuma tana zaune lami lafiya a baki da hanjin kusan rabin mutane masu ƙoshin lafiya. Ganinta a awon bayan gida bai fi ganin ƙuda a mahauta zama labari ba. Tana zama cuta a wurare sanannu: farin dasashi da harshe a bakin jariri, ƙaiƙayi da farin ruwa a gaban mace, maƙogwaron wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, ko jinin majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah. Waɗannan duka likita na ganinsu da ido ko da awo, kuma suna da magani mai araha.

Amma zancen cewa kandida ta ɓuya a hanjin mai lafiya tana haddasa kasala da mantuwa da kumburi da raunin mazakuta, wannan ba daga Damagaram ya fito ba, ba kuma daga kakanni aka gaje shi ba. Kayan Amurka ne. Wani likita na jihar Tenesi mai suna William Crook ne ya yayata shi a littafinsa The Yeast Connection na 1983, littafin ya yi kasuwa, masu haɗa kwalabe suka bi bayansa. A 1986 ƙungiyar likitocin borin jini da garkuwar jiki ta Amurka ta duba batun, ta ce hasashe ne da ba a tabbatar ba. A 1990 likita William Dismukes da abokan aikinsa na jami'ar Alabama suka kai zancen gaban ma'auni: mata 42 da aka ce suna da wannan cuta, a wani zango a ba su nistatin, maganin da ke kashe kandida, a wani zango a ba su ƙwayar banza, ba su san wanne suke sha ba, masu duba su ma ba su sani ba. Game da kasala da damuwa da sauran alamomin da ake ɗora wa funfunar, maganin bai fi ƙwayar banzar da komai ba. An buga sakamakon a mujallar likitoci ta New England a ƙarshen wannan shekara. Abin da aka binne a can shekara talatin da ɗoriya, shi aka tono, aka yi masa wanka, aka sa masa kwat, aka sauke shi a kasuwannin Dungas da Magarya a matsayin sabon ilimi.

Adalci ya sa a faɗi iyakar abin da ya rage na gaskiya a ciki. A 2015 wasu likitocin Amurka sun ba da rahoton cewa cikin majinyatan da aka rasa gane ciwon cikinsu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu an samu funfuna ta yi yawa a ƙaramin hanjinsu. Masana suna kan nazarin ma'anar wannan. Sai dai yadda aka gano shi ya isa amsa: bututu mai kyamara aka zura ta baki har ƙaramin hanji, aka zuƙo ruwa, aka kai ɗakin awo aka shuka shi kwanaki. Wanda aka samu da ita, maganin asibiti na mako biyu zuwa uku aka ba shi. Ba a riƙe ƙarfe ba, ba a sha garin asuba na wata uku ba.

ABIN DA KE ƁOYE BAYAN KUMBURIN

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce lokaci. Kolopati suna ne da likita ke bayarwa bayan ya tabbata babu wani abu mafi muni, kuma a wannan yanki jerin abubuwan da suka fi muni yana da tsawo: tsutsar ciki, atuni, ƙwayar jardiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, gyambon ciki, tarin fuka da ya sauka a hanji, ciwon hanta, ciwon dajin babban hanji. Da yawansu awon bayan gida a ƙarƙashin madubin likita ya isa ya tona su, maganinsu kuma na kwanaki ne. Jini a bayan gida, ramar da ba a san dalilinta ba, ƙarancin jini, zazzaɓi, zawon da ke tayar da mutum tsakar dare, ƙullutu a ciki, ko ciwon da ya fara bayan an ba shekara hamsin baya, ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, to an fita daga zancen kolopati, asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram ya kamata a nufa a wannan makon. Ɗan kasuwar da ke zubar da jini ana ce masa dattin kandida ne ke fita, wata shidan da ya ɓata yana kaɗa gari su ne watannin da likitan fiɗa zai nema ya rasa.

Haka nan babban mutumin da fari ya rufe masa harshe yana kasa haɗiya. Wannan kandida ce ta gaske, amma ƴar aike ce. Wanda ya aiko ta shi ake nema, kuma sau da yawa ciwon sukari ne ko sida, waɗanda awonsu ba ya cin rabin sa'a. Mai kwalba ba zai taɓa tura shi awon ba, domin ranar da aka san sunan cutar, ranar cinikinsa ya ƙare.

Su kansu kwalaben fa, me ke ciki? Shayin wankin ciki galibi ganyen sanna ne, ɗan'uwan filaskon da tsofaffi suka sani tun kafin a haifi mai kwat, ko kuwa ɗacin alobera, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta fitar daga jerin magungunan sa zawo da ake sayarwa kai tsaye tun 2002. A ba mai zawo abin sa zawo, a ce masa alamar aiki ce! Kafson ƙwayoyi masu rai kuwa, sunansu ya faɗi sharaɗinsu, sai suna da rai, kuma yawancinsu zafi na kashe su. Kwalin da ya kwana a sito a Kano, ya hau bayan babur ya ratsa yashi, ya yi makonni a jaka cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, Allah kaɗai ya san ko gawa ake haɗiya. Ko da sun iso da ransu, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce a 2020 hujjar amfaninsu ga kolopati ba ta kai a ba da shawarar shan su ba sai cikin gwajin bincike. Takwararta ta Ingila ta ɗan sassauta a 2021, ta ce wanda ya so ya gwada na mako 12, in bai ga canji ba ya bari. Ko mafi sassaucin masana bai ce a mayar da su abincin shekara ba.

Sai hanta. A Amurka, inda ake bin diddigin irin wannan, kimanin kashi 20 cikin 100 na raunin hantar da ake dangantawa da shan magani daga ganyayyaki da kayan ƙarin abinci yake fitowa. A Nijar bincike daban-daban sun nuna fiye da babba ɗaya cikin goma na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, akasari ba su sani ba. A kan irin wannan hantar ake zuba garin da ba a san mahaɗinsa ba. Mafi muni, idan kwalba ta gaza, sai a tura mutum teburin ƴan ƙwaya ya sayi fulukonazol ko ketokonazol ya yi ta sha. Ketokonazol na haɗiya, Turai ta dakatar da shi a matsayin maganin funfuna tun 2013 saboda illarsa ga hanta. Fulukonazol kuwa magani ne mai daraja da ke ceton ran masu sida, kuma shan sa barkatai ne ke koya wa funfuna jure masa, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kandida a sahun farko na funfunan da ake tsoro a jerinta na 2022.

Wani abin haushi shi ne dokar abincin da ake haɗawa da kwalaben, wadda aka kwafo daga littattafan mutanen da ke da kanti cike da zaɓi. Kada a ci burodi, kada a sha rake, kada a sha fura, kada a taɓa nono, kada a ci duk abin da ya kwana ya yi tsami. A Dogo-Dogo! A hana bahaushen karkara fura da nono, a bar shi da me? Alhali abin da aka tabbatar ya fi wannan sauƙi nesa. Masu binciken jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna cewa wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya tsotsewa da kyau su ke jawo iska da kumburi, kuma suna da yawa a albasa, tafarnuwa, wake, alkama da madara. Hatsi da shinkafa ba sa cikin manyan masu laifi. Hanyar ita ce a janye abin da ake zargi na ƴan makonni, sa'an nan a komo da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai tayar da fitinar. Manya da yawa a ƙasar Hausa cikinsu ba ya narkar da sukarin madara, don haka ma'aikacin da ke karya kumallo da kofin madarar gari a teburin mai shayi ya fara tuhumar kofin kafin ya tuhumi kandida. Nonon da ya yi tsami ya fi sauƙi a ciki. Daga cikin kayan ƙarin abincin, biyu ne kwalejin likitocin ciki ta Amurka ta amince da su a jagorarta ta 2021: ƙaiƙayin ispagul mai jan ruwa ya yi yauƙi a hanji, da kafson man na'a-na'a. Dusar alkama kan ƙara kumburi. Wanda ciwonsa ya ƙi ji, gwajin da aka yi wa majinyata 463 a Ingila, aka buga a 2023, ya nuna ɗan ƙaramin awo na amitiriftilin, tsohon magani mai araha, yana taimakawa, amma da takardar likita.

WA YA BUƊE ƘOFAR?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Oktoban 1994 Amurka ta yi dokar da ta ba masu ƙarin abinci damar sayar da hajarsu ba tare da sun tabbatar tana warkar da komai ba, muddin sun rubuta a jikin kwalbar cewa ba a yi ta don gano cuta ko warkar da ita ba. Rubutun yana nan, da ƙananan haruffan Ingilishi, a kwalaben da ake sayar wa mutanen da suka yi karatu da Faransanci. Kwalba ta wanke kanta a rubuce, mai talla ya yi alkawarin waraka da baki. Waɗanda suka fito daga Najeriya kuma ana nuna lambar NAFDAC kamar laya, alhali lambar da hukumar ke ba haɗin ganye, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ba, kuma ita kanta hukumar tana sa a rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin warakar ba.

Tsarin cinikin ma abin dubawa ne. Wanda ya saya ana kwaɗaita masa ya zama dillali, ya sayi kaya na jari, ya kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu. Ta haka mushe ke tallata wa iyayen ɗalibansa, matar ma'aikaci ke tallata wa ƙawayenta a gidan suna, har ana raɗe-raɗin wasu masu farar riga na ajiye kwali a ƙarƙashin tebur. Sin ta haramta irin wannan ciniki baki ɗaya a 1998. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 ta Amurka don kashe ƙarar da hukumar kasuwancin ƙasar ta kai shi a kan yaudarar dillalansa game da ribar da za su samu. A Nijar, inda mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a Janairun 2024, a ƙaddara kayan wata ɗaya sun tashi jika 20 kacal: wata uku sun lashe albashin wata ɗaya da kusan rabi. Faɗuwar naira tun 2023, har jika guda ta sefa ta wuce naira 2,000 a 2024, ta ƙara buɗe hanya, kwali ya yi araha a Kano, riba ta yi kauri a Dungas.

Dokoki kuwa ba su suka yi ƙaranci ba. Dokar harhaɗa magunguna ta Janairun 1997 ta keɓe sayar da magani ga farmasi da wuraren da aka ba izini. A 2010 ƙasashen UEMOA sun amince da ƙa'idojin yi wa kayan ƙarin abinci rajista kafin su shiga kasuwa, da na sa ido a kan tallar magani. A Janairun 2020 Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na yaƙi da jabun magunguna. Ƙasar tana da ɗakin awo na LANSPEX a Yamai. Takarda dai, ma sha Allah. Amma wa ya taɓa ganin an tsayar da mai kwat a kasuwar ƙauye an ce ya nuna rajistar kwalbarsa? Wa ya ɗebi samfuri daga Dogo-Dogo ya aika Yamai? Mai karɓar harajin kasuwa yana yanka masa tikiti kamar mai sayar da tattasai, gidan rediyo yana karɓar kuɗinsa ya ba shi rabin sa'a ya lissafa cututtuka arba'in. A Kano, a Fabrairun 2024, hukumomi sun rufe shagunan magani fiye da 1,300 don tilasta wa masu su komawa cibiyar Dangwauro. Shin akwai wanda ya tambayi inda kayan da suka tsere wa wannan shara suka nufa? Iyakar Jigawa ba ta da nisa.

Nijar ce ƙasa ta ƙarshe da ya kamata a koya wa wannan darasi. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa fiye da mutum 50,000 allurar rigakafin jabu da ta shigo daga Najeriya da sunan kyauta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da ita. A 2015 jabun rigakafin sanƙarau ya sake ɓulla. A 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin 100 na magungunan da ke yawo a ƙasashen Sahel marasa inganci ne ko jabu. Idan haka abin yake ga magungunan da doka ke sa wa ido, ina ga kwalbar da ta ce ita abinci ce?

Masu kare sana'ar suna da hujja biyu. Ta farko, wai matasa ne marasa aikin yi, a bar su su ci abinci. Rashin aikin gaskiya ne, amma mafi yawan yaran nan su ma cinye su ake yi, ɗakunansu cike da kwalayen da suka kasa sayarwa, ribar tana can sama wurin wanda ya ɗauke su. Ta biyu ta fi nauyi, kuma dole ma'aikatan lafiya su haɗiye ta ko da ɗaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kolopati ya je gidan likita, ya bi layi tun hantsi, majo ya ba shi minti uku, ya rubuta masa metronidazol karo na biyar ba tare da awo ba, ko ya ce masa ba ka da komai, tunani ne. Mai kwat kuwa ya ba shi kujera, ya saurare shi rabin sa'a, ya ba ciwonsa suna. Mutum na iya jure ciwo, amma da wuya ya jure a ce masa ƙarya yake. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi da aka yi daga Satumban 2024 mataki ne mai kyau, sai dai rangwame ba ya sa madubin awo a inda babu, ba ya kuma ƙara wa majo mintoci.

Kalmar "ƙarin abinci" tana da ma'ana mai tsarki a wannan yanki, shi ya sa satarta ta fi zafi. A Satumban 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa kimanin yara goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ƙarin abincin da ya tabbata yana ceton rai sananne ne: ƙullin gyaɗar Plumpy'Nut ga yaro mai tamowa, bitamin A, ƙwayar ƙarin jini ga mai ciki, zinki da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo. Da rigar waɗannan ake lulluɓe shayin sanna a sayar wa uban yaron.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Tun da aka rushe majalisun komin a Afrilun 2024, kantoman da ke riƙe da Dogo-Dogo ba ya jiran ƙuri'ar kowa kafin ya hana yanka tikiti ga mai tallar waraka da ba shi da takardar ma'aikatar lafiya. Perefen Dungas da na Magarya suna da ikon sa jandarma su kwashe na'urorin tafin hannu a ranar kasuwa guda. Babban likitan gunduma yana iya ɗibar kwalabe goma da suka fi yawo ya aika LANSPEX, a karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon da ya yi tallarsu, a daidai lokacin da aka saba sa tallar. Sufetan makarantu ya rubuta wa daraktocinsa cewa farfajiyar lakwal ba kanti ba ce. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka iya tsayar da ƙasa cak a kan bashin albashi a shekarun 1990, su tambayi mambobinsu nawa ne suka ci bashi a kan albashin da bai zo ba don sayen garin asuba, kuma nawa ne daga cikinsu aka taɓa yi wa awon bayan gida ko sau ɗaya.